Bugun da Na Yi wa Fiffiken Jirgi a Jamus

Tun ranar da na dawo ban huta ba. Duk wanda ya kawo mota garejinmu na Gawon Nama, kafin ya nuna mini inda ta lotse sai ya ce, "Bello, yaya Jamus?" Sanda mai walda kuwa ya mayar da ni rediyo, da ya ga mutum uku sun taru sai ya ce in maimaita labarin kare da kilishi. Na gaji da ba da shi guntu-guntu, kuma gaskiya akwai yankin da kullum nake tsallakewa. Yau zan faɗe shi duka, mai dariya ya yi.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai gyaran jikin mota ne. Sama da shekara ashirin ina riƙe da guduma. Ƙanwata Luba ita ce ta yi boko a gidanmu, ta yi ta yi har ta tafi Jamus karatun jirgin sama, shekara huɗu ke nan. Da lokacin nuna aikinta ya matso aka ba ta damar gayyato mutum ɗaya daga gida. Mahaifinmu ya rasu, Inna kuma ƙafa ta hana ta ko zuwa maƙwabta, sai ta ce, "Bello, kai za ka tahi. Kai na ubanta yanzu." Luba ta riga ta yi mana bayani a waya. Mutanen wani kamfanin ƙera jirage za su zo su ga abin da ta haɗa. In sun yarda da shi su ɗauke ta aiki a sabunta mata takardar zama. In ba su yarda ba, takardarta na ƙarewa ƙarshen wata, ta tattaro shekara huɗu ta zuba a akwati ta dawo.

Wahalar biza ba zan shiga ta ba, don raina zai ɓaci. Zuwa uku na yi Abuja, a na ukun suka ba ni.

Ranar tafiya Inna ta cika mini jaka da kilishi da daddawa da kuka da yaji, wai 'yarta ta rame a hoto. Na shiga motar Abuja a tasha da sassafe. Daga Talatar Mafara zuwa bayan Gusau babu wanda ya yi magana a motar nan don tsoron 'yan bindiga, kowa leɓensa na motsi da addu'a, direba ya ƙanƙame sitiyari ya ƙi tsayawa ko da wani dattijo ya ce fitsari ya matse shi. Sai da muka shiga Funtuwa aka fara sakin jiki, wata mata ta ɓalle kwanon dambu ta bi mu da shi ɗaya bayan ɗaya. Ban san sunanta ba har yau, Allah ya saka mata.

Ban taɓa hawa jirgi ba. Kujerata na jikin taga, daidai fiffike. Da muka tashi muka shiga iska, sai na ga bakin fiffiken nan yana lanƙwasawa sama yana dawowa. Innalillahi. Ni da na san ƙarfe, na san abin da ke lanƙwasa yana dawowa ƙarshensa karyewa. Na taɓa wanda ke kusa da ni, wani Bakano ɗan kasuwa mai zuwa sayen injin niƙa, na nuna masa. Ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Kai Basakkwace ne ko? Rufe tagar ka yi barci, Malam, haka aka yi shi." Ya juya ya ci gaba da minshari. Ni dai ban runtsa ba har muka sauka, kuma abincin da suka kawo ban gane kansa ba, burodin kawai na ci.

A wurin duba fasfo wani saurayi ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na haɗa ɗan Turancin sakandare na ce ƙanwata, jirgi, makaranta, na miƙa masa takardar gayyata. Ya buga hatimi. Na ce a raina ashe abin ba wuya. Ban yi taku ashirin ba wani ɗan kare mai dogon kunne ya zo ya zauna gaban jakata ya ƙura mini ido. Na ce masa tafi, ya ƙi. Wata ma'aikaciyar kwastan ta buɗe jakar, ta fito da kilishin Inna da safar hannu, ta ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Na ce busasshe ne. Ta ce ko ƙonanne ne. A gabana ta jefa shi cikin wani bokiti, wallahi sai da na ji hawaye. Da ta buɗe ƙullin daddawa kuwa sai ta ja da baya ta toshe hanci, ta kira abokin aikinta, suka yi ta juya ta. Da suka tabbatar ba nama ba ce suka miƙo mini ita da sauri. Kilishi mai ƙamshi an zubar, daddawa ta wuce.

Luba na jirana a waje cikin baƙar abaya da wata ƙatuwar rigar sanyi. Ta durƙusa ta gaishe ni a tsakiyar Turawa, suna ratsawa suna kallonmu. Ta rame da gaske, Inna ba ta yi ƙarya ba. Muka hau jirgin ƙasa zuwa garinsu, can arewa kusa da teku.

Masaukin da ta samar mini ɗaki ne a gidan baƙin makaranta, bai kai shagon fentinmu ba. Kwana ukun farko komai ba ni mamaki yake. Mutum zai tsaya gaban jar danja babu mota ko ɗaya a titi, ya yi ta jira shi kaɗai. Na gaida wani tsoho maƙwabcina, na tambaye shi gida da iyali da gajiya, ya dube ni kamar na zo karɓar wani abu. Wata mata ta biyo ni har ƙofa da kwalbar da na jefa a shara, wai ba nan ne wurin kwalba ba, kwalba da takarda da ɓawon ayaba kowa da bokitinsa. Mu da shara ɗaya ta ishi unguwa. Rana kuma ta ƙi faɗuwa, sai wajen ƙarfe goma ake magariba, har na fara zargin agogona. Abincinsu dankali ne da burodi mai taurin da za a iya jifan akuya da shi, da wani kifi mai tsami da ba a dafa ba. Ba don Luba na tuƙa mana tuwo da miyar kuka da yamma ba, da yunwa ta kashe ni.

Ranar Juma'a, bayan mun yi salla a wani masallacin Turkawa da ke saman shago, ta ce in zo in ga wurin aikinta. Ɗaki ne babba, fes, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙasa. Ta gabatar da ni ga malamarta, wata farfesa mai furfura da ke zuwa aiki bisa keke. Sannan ta kai ni gaban wani baƙin allo mai sheƙi, tsawonsa ya kai ƙofar ɗaki, an ɗora shi kan ƙafafu. Ta ce yankin fiffiken jirgi ne.

Na ɗan ɗaga gefensa da yatsa biyu, sai na ji ba nauyi. Na ce, "Wanga mi na na? Kwali?"

Ta yi dariya ta ce, "Yaya, jirgin da ya kawo ka ma rabin jikinshi irin wanga na."

Ta yi mini bayani a hankali. Wai jiragen yanzu ba duka ne ƙarfe ba. Wani baƙin zare ne mai ƙarfi ake shimfiɗawa, shimfiɗa kan shimfiɗa, a danne da ƙaro a gasa. Ya fi ƙarfe rashin nauyi, amma yana da mugun hali guda. Ƙarfe in an buge shi yana lotsewa kowa ya gani. Wannan kuwa in tsuntsu ko ƙanƙara ko kayan aikin makanike ya buge shi, waje sai ya zauna sumul, ciki kuwa shimfiɗun sun rabu, suna ƙara rabuwa duk tashin da jirgi ya yi. Ta sa na sunkuya na leƙa ƙarƙashin allon. An manna wata siririyar leda mai zane-zane masu ƙyalli, sirara kamar jijiyar ganye. Ta ce wannan shi ne aikinta. Da tawadar azurfa take buga zanen, a wata na'ura mai kama da ta masu buga katin biki a Sama Road can garinmu. Ana sakar masa 'yar wuta kaɗan, in cikin allon ya tsage yadda wutar ke bi sai ya canja, kwamfuta ta nuna daidai wurin. Wannan allon sabo ne, an duba shi lafiya lau, an ajiye shi don ranar Alhamis. A gaban baƙi za a sako masa ƙarfe daga sama, su ga ko tawadarta za ta gane.

Ina jin ta, amma zuciyata ba ta yarda ba. Zare da ƙaro, a ce shi ya ɗauko ni sama da gajimare, kuma shi zai mayar da ni.

Sai aka leƙo aka kira ta ofis ta sa hannu a wata takarda. Ta kashe kwamfuta don an tashi aiki, ta ce, "Yaya, ina zuwa. Don Allah kar ka taɓa komi."

Duk wanda ya san aikinmu ya san ba ma yarda da jikin mota sai mun ƙwanƙwasa. Hannu ne ke yi kafin kai ya yi tunani. Akwai wata babbar sufana ta kwance noti kan teburi. Na ɗauka na ɗan buga a kusurwar dama, na saurara. Ƙarar ba ta gaya mini komai ba. Sai na ja hannu na sakar masa bugu na sosai, irin wanda zai lotsa ƙofar mota. Na shafa wurin da babban yatsa, na karkata kai na duba ta gefen haske yadda muke yi. Ko ƙwarzane babu. Na mayar da sufana inda take, har ina jin daɗi, na ce lallai Turawa sun iya. Bayanin da ta yi mini minti biyar da suka wuce ya shiga ta nan ya fita ta can. Da ta dawo na ce mata aiki ya yi kyau, muka tafi gida.

Ranar Litinin da azahar ta shigo ɗakina ba sallama, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zauna bakin gado ta ce, "Yaya, na lalace." Wai ta kunna kwamfuta da safe, sai ga jan tabo a allon da babu wanda ya taɓa. Ɗakin a kulle yake tun Juma'a. Allon sabo ne, an duba shi. Ke nan tawadarta ce ke ƙarya, tana kukan ciwo inda babu ciwo. Ta ce babu kamfanin da zai karɓi na'urar da za ta riƙa tsayar da lafiyayyen jirgi a ƙasa. Na'urar da ke leƙa cikin allo kuma tana wani gini, layinta ya kai mako biyu, kuma ba wanda zai ba ta wuri don ta duba abin da aka riga aka duba.

Na ce, "A wane wuri tabon ya hito?"

Ta ce, "Kusurwar dama."

Daidai inda na buga ke nan. Bakina ya buɗe, amma abin da ya fito shi ne, "Ki yi haƙuri, Allah shi kawo mahita."

Kun san yadda muka tashi. Na girmi Luba da shekara goma sha huɗu, ni na riƙa kai ta makarantar allo a kafaɗa. A gidanmu babba ba ya cewa ƙarami na yi kuskure. In ka ɓata wa ƙanenka sai ka sayo masa wani abu, ko ka sake masa fuska, shi ke nan an wuce wurin. Ga shi ta ce kar in taɓa, na taɓa kamar ɗan yaye. Na yi ta gaya wa kaina ai babu ko alama, wataƙila ba bugun ba ne, wataƙila tawadar ce da gaske. Na san ƙarya nake yi.

Kwana biyu na yi a haka. Luba ba ta ci abinci ba. Ta sake gwada wayoyi, ta canja kwamfuta, ta sake lissafinta tun daga farko, jan tabon na nan. Ranar Talata da yamma muka kira Inna a waya mai hoto. Luba ta yi murmushin dole ta ce komai lafiya. Inna ta ce, "Bello, kana dai kula da ita ko?" Na ce ina yi. Ban taɓa jin na raina kaina irin na ranar ba.

Laraba da safe ta ce za ta je ta gaya wa farfesa a janye zuwan baƙin, ta ɓamɓare ledar ta jefar. Na ce zan raka ta. Muka tarar da farfesa tsaye gaban allon ta harɗe hannu. Luba ta fara yi mata magana da Turanci, sannan ta durƙusa ta sa farce a bakin ledar za ta ɓamɓaro.

Na ce, "Luba, dakata. Ni na."

Ta ɗago. "Kai na mi, Yaya?"

"Ni na buge shi. Ran Juma'a, da kin hita. Da sufana."

Ta saki ledar ta miƙe. Farfesa ta tambaye ta me na ce. Abin da ya ƙara kashe ni, sai Luba ta sunkuyar da kai ta ce mata ba komai, wai ina ba ta haƙuri ne. Ɗan Turancina ya kai in gane wannan. Aikinta na shekara huɗu na hannunta, amma ta kasa buɗe baki ta tona wa yayanta asiri gaban baƙuwa.

Na je teburi na ɗauko sufanar. Na nuna ƙirjina, na ɗaga hannu na kwatanta bugun a iska, na ɗora yatsa daidai inda na buga. Ina jira tsohuwar nan ta kira 'yan sanda, ko ta zage ni tas. Sai ta sa tabarau, ta juyo da fuskar kwamfuta, ta dubi jan tabon, ta dubi yatsana. Ta ce kar in motsa. Ta ɗauko alli ta zagaye yatsan. Tambayoyi kawai ta yi mini, sau nawa, da wane gefen sufana, daga wane tsayi. Sannan ta ɗauki waya ta yi wa wani faɗa da Jamusanci, kafin azahar sai ga mutum biyu sun turo na'urar da aka ce layinta mako biyu.

Irin wadda ake duba cikin mata da ita ce a asibiti. Suka shafa wani ruwa mai yauƙi a cikin da'irar allin, suka bi da kan na'urar a hankali. Hoto ya fito. A ƙarƙashin wurin nan mai sheƙi, wanda na shafa da yatsana na rantse lafiyarsa lau, cikin allon ya rabu, faɗinsa ya kai tafin hannuna. Na sake shafa wurin, sumul. Na nemi kujera na zauna. Shekara ashirin ina gaya wa mutane in ido bai gani ba babu matsala. Na tuna fiffiken da na zauna kusa da shi, na tuna a ce wani mai irin hannuna ya saki sufana a kansa ya duba ya ga ba alama ya yi shiru, mutum ɗari uku suka hau.

Ranar Alhamis baƙin suka zo, su huɗu. Farfesa ba ta ɓoye komai ba, ta ba su labarin yadda ya faru, ta nuna musu da'irar alli da hoton ciki da jan tabo, ta nuna ni ina rakuɓe a bayan ɗaki cikin babbar rigata. Wani mai sanƙo a cikinsu ya ce wannan ya fi gwajin da suka zo gani, don ba wanda ya shirya shi, ita kanta mai aikin ba ta sani ba. Har hannu ya zo ya ba ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige. Suka sako ƙarfensu a ɗaya kusurwar, tawadar Luba ta nuna wurin nan take. Kafin in baro ƙasar sun aiko mata da takardar ɗaukar aiki.

Ranar komawata ta raka ni tashar jirgin ƙasa. Ta ɗauki ƙaramar jakata, ta saya mini ruwa, ta rubuta mini inda zan sauka a takarda. Duk abin da ƙanwa ke yi ta yi, amma tun ranar Laraba ba ta dubi idona ba. Jirgi ya rage minti biyar na ce, "Luba, ki yahe mini." Ban taɓa faɗa wa na ƙasa da ni wannan kalmar ba.

Ta ce, "Bugun ba komi ba na, Yaya, hannunka ya saba. Amma kwana biyu kana zaune kana kallona ban ci abinci ba." Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Na yahe. Shiga, za shi tashi."

Hanyar dawowa ba abin da zan ce a kanta, ban ma leƙa taga ba. Da na iso unguwarmu Gidan Dahala na tarar gida cike, ana ta barka. Na bari aka watse, na zauna gaban Inna na gaya mata komai da bakina. Ta ajiye carbinta ta ce, "Ita ba ta hwaɗa mini ba."

Wata biyu ke nan. Luba na kiran wayar Inna duk Juma'a, in ina kusa a miƙo mini, ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi gareji da yara. Tawa wayar kuwa ba ta sake kira ba, ni kuma ina zaune ina jira, wai ƙarami ne ke neman babba. Jiya da la'asar na ajiye guduma na wanke hannu, na koma bayan gareji na kira ta da kaina. Wayar ta daɗe tana ƙara kafin ta ɗauka.

Ta ce, "Yaya? Lahiya? Inna ta?"

Na ce, "Inna lahiyarta lau. Ke nike nema. Kin ci abinci?"

Na ji ta ja hanci ta ce, "Ban ci ba tukuna. Kar ka kashe, bari in ɗora tukunya muna magana."